Daga Sin Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Ganyen Da Muke Sha

 

'Yan'uwa matasa, a 'yan shekarun nan son shayi ya yi ƙarfi a tsakaninmu har ya zama fagen nuna gwaninta. Za ka ga saurayi da 'yar butarsa da finjalansa da kurfotinsa, ya san ganyen da ake tafasawa da wanda ake jiƙawa kawai, ya san lokacin da ake jefa na'a-na'a don kada ƙamshinta ya gudu. Uwargida kuma tana da gwangwanin haɗinta na citta da kanumfari da kirfa, wanda ko aminiyarta ba ta gaya wa awonsa. Ni ma ina cikin masu wannan so, ban kuwa ga aibinsa ba. Sai dai idan ka tambayi masoya shayi tun yaushe Bahaushe yake shan sa, da yawa za su ce maka tun kaka da kakanni. Alhali kuwa fura da koko da goro duk sun girme shi a ƙasar nan nesa ba kusa ba. Baƙo ne, kuma hanyar da ya biyo kafin ya iso mu tana da tsawo, akwai ilimi da fatauci a cikinta, akwai kuma zalunci da zubar da jini.

Mu fara da sunan, domin shi ne shaida ta farko. A ƙasar Sin, inda ganyen ya fito, harafi ɗaya ake rubuta shi da shi, amma furucin ya bambanta. Mafi yawan Sinawa suna cewa "ca", mutanen gaɓar teku na lardin Fujiyan kuwa suna cewa "te". Al'ummomin da ganyen ya je musu ta tudu, a bayan raƙuma da dawaki, sun ɗauki furuci na farko: Farisawa suka ce cay, Turkawa da Rashawa da Indiyawa suka bi su, Larabawa suka ce shay, mu kuma muka karɓa daga Larabawa muka ce shayi. Waɗanda jiragen ruwan Holan suka kai wa daga Fujiyan sun ɗauki na biyu, daga nan Turancin Ingilishi da Faransanci suka sami nasu sunan. Abin sha'awa shi ne Bahaushe ya haɗa duka biyun a bakinsa. Yana cewa shayi, yana cewa ti, wanda ya aro daga Ingilishi, sannan a zangon Gana da wasu wurare za ka ji ana cewa ataya, wanda ya gangaro daga "atay" na mutanen Maroko, shi ma masana harshe suna mayar da asalinsa ga furucin nan na bakin teku. (Kada ɗalibi ya rikita wannan shayin da ɗaya shayin da ake yi wa yara maza da sanyin hunturu, rubutu ne ya haɗa su, asali bai haɗa su ba.)

Itacen shayi ɗan ƙaramin itace ne mai son tudu da ruwan sama mai yawa. Asalinsa tsaunukan da ke tsakanin kudu maso yammacin Sin da arewacin Bama da Asam ta Indiya. Koren shayi da baƙin shayi duk daga itace ɗaya suke, sarrafawa ce ta raba su. Idan aka tsinko ganyen aka gasa shi ko aka turara shi nan take, sai ya zauna kore. Idan kuwa aka bar shi ya yi yaushi, aka murje shi, aka bar iska ta shige shi, sai ya yi duhu, kamar dai yadda goro yake sauya launi idan an ɓare shi an ajiye. Sinawa suna da tatsuniyar wani sarkinsu na dauri mai suna Shennong, wai ganye ne ya faɗa masa cikin tafasasshen ruwa a shekara ta 2737 kafin Miladiyya. Wannan labarin hira ne. Abin da ya tabbata shi ne an tono ragowar ganyen shayi a kabarin Sarki Jing na daular Han, wanda ya mutu a shekara ta 141 kafin Miladiyya, kuma an bayyana sakamakon binciken a 2016. A zamanin daular Tang (618 zuwa 907) shayi ya zama abin shan kowa, har wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta masa littafi sukutum wajen shekara ta 760, ya yi bayanin shukarsa da kayan dafa shi da irin ruwan da ya fi dacewa da shi.

Musulmi sun san labarin shayi ƙarnoni bakwai kafin Turawan Yamma su ji sunansa. A cikin littafin Akhbarus Sin wal Hind, wanda aka rubuta a shekara ta 237 bayan Hijira, daidai da 851, kuma ake jingina labaransa ga wani ɗan kasuwa mai suna Sulaiman, an ba da labarin wata ciyawa mai ɗan ɗaci da Sinawa suke zuba wa ruwan zafi su sha, ana sayar da ita a kowane birni da kuɗi masu yawa, kuma harajinta da na gishiri na sarki ne shi kaɗai. Bayansa babban masani Abu Raihan al-Biruni, a ƙarni na 11, ya ambaci shayi a littafinsa na magunguna, Kitabus Saidana. To amma sani daban, sha daban. Bagadaza da Alƙahira da Ƙurɗuba ba su sha shayi ba a zamanin ɗaukakarsu. Duk wanda ya kwatanta maka malaman wancan zamani suna rubuta manyan littattafansu da finjalin shayi a gefe, to ya ɗora musu al'adar zamaninsa ne.

Abin da ya riga shayi shiga ƙasashen Larabawa shi ne gahawa. Sufayen Yaman suka fara shan ta a ƙarni na 15 domin ta taimaka musu wajen raya dare, daga nan ta haura Makka da Alƙahira da Istanbul. A shekara ta 1511 wani jami'in Mamluka a Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai da likitoci aka yanke hukuncin hana ta, sai dai hanin bai yi ƙarko ba. Aka daɗe ana kai ruwa rana, masu haramtawa suna ƙiyasta ta da giya, masu halattawa suna cewa ba ta gusar da hankali, ƙara masa kaifi ma take yi. Abdulƙadir al-Jaziri ya tattara wannan muhawara a littafinsa Umdatus Safwa fi Hillil Ƙahwa, kuma ra'ayin halasci ne ya rinjaya. Alamar wannan rigaye tana nan har yau. A Iran da Turkiyya da Masar, wurin da mutane suke zama su sha shayi sunansa na gargajiya gidan gahawa, domin gahawar ce ta gina gidan, shayi ya zo daga baya ya gaje shi.

Yadda ya gaje shi kuwa sai mun bi ta Turai kafin mu gane. 'Yan kasuwar Holan suka fara kai shayi Turai wajen shekara ta 1610. A Ingila ya sami shiga fada bayan 1662, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, gimbiyar Fotugal, wadda ta zo da al'adar shan sa. Da farko abin masu hannu da shuni ne, gwamnati kuma ta ɗora masa haraji mai nauyi, har 'yan fasa-ƙwauri suka mamaye kasuwarsa. Rigimar harajin shayi ce ta sa mutanen Boston suka zubar da akwati 342 a teku a 1773, ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai ga yaƙin 'yancin Amurka. A 1784 majalisar Ingila ta sauke harajin daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12 da rabi, sai shayi ya shiga gidan kowane lebura. Sukarin da suke zuba masa kuwa daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan yake zuwa, inda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suke noma shi.

Nan matsala ta taso wa Ingila. Sin kaɗai ke sayar da shayi, ita kuwa ba ta da wata bukata ga kayan Ingila, azurfa take karɓa. Da azurfar ta yi ta zurarewa, sai Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila ya samo dabara mai muni. Ya sa ana noma afyun a Bangal ta Indiya, wato ƙaron nan mai bugarwa da ake tatsa daga ƙoƙon wani fure, yana gwanjonsa ga 'yan kasuwa, su kuma suna shigar da shi Sin ta ɓarauniyar hanya, alhali dokar ƙasar ta hana. Azurfar da 'yan maye suka biya, da ita ake sayen shayi. A 1839 sarkin Sin ya aiki wani jami'i mai gaskiya, Lin Zexu, zuwa Kanton, ya ƙwace akwatin afyun fiye da 20,000 ya lalata su. Ingila ta amsa da jiragen yaƙi. Aka yi yaƙi daga 1839 zuwa 1842, aka ci Sin, aka tilasta mata biyan diyyar kayan mayen da ta lalata, ta buɗe tashoshin ruwa biyar, ta kuma miƙa tsibirin Hon Kon. Ɗan'uwa mai karatu, ka dubi wannan al'amari da kyau: ƙasa ta hana a sayar wa 'ya'yanta abin da ke kashe su, aka yaƙe ta a kan haka, aka kuma ci ta tara.

Duk da haka Ingila ba ta so ta dogara da Sin ba. Tun 1823 wani Bature, Robert Bruce, ya ga mutanen ƙabilar Singpho a Asam suna da nasu itacen shayi, kuma wani basaraken yankin, Maniram Dewan, shi ya haɗa shi da su. Wannan Maniram daga baya ya kafa gonar shayi ta kansa, Turawa kuma suka rataye shi a 1858 bisa zargin hannu a boren 1857. Shayin Asam na farko an yi gwanjonsa a Landan a 1839. Tsakanin 1848 da 1851 kamfanin ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya shiga cikin Sin sanye da tufafin Sinawa, ya kwaso iri da dashe da gwanayen sarrafa ganye ya kai Indiya. A tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, James Taylor ya fara gonar shayi a 1867, da cuta ta cinye gonakin gahawar tsibirin sai kowa ya koma shayi, a 1890 kuma wani mai kantuna, Thomas Lipton, ya sayi gonaki a can. Shi ne mai sunan nan da muke kiran duk wani shayin ƙunshi da shi, ko wane kamfani ya yi shi. Wajen ƙarshen shekarun 1880 shayin Indiya ya zarce na Sin a kasuwar Ingila. Masu tsinkar ganyen kuwa talakawa ne da aka kwaso daga wasu yankunan Indiya da yarjejeniyar da ta haramta musu barin aiki, wanda ya gudu a kamo shi kamar ɓarawo, kuma dubun-dubatarsu suka mutu a Asam a shekarun 1860 saboda cuta da yunwa da wahala.

Shayin Indiya mai madara da kayan ƙamshi, wanda yanzu ake yayi a duniya da sunan masala cai, mutane suna zaton ya kai shekara dubu. Shi ma ɗan jiya ne. Talakan Indiya bai saba da shayi ba sai a ƙarni na 20, bayan masu gonaki sun yi ta tallarsa a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu, wani lokaci ma kyauta. Masu sayarwa a bakin titi su suka ƙara madara da sukari da citta da sauran kayan yaji, suka tafasa duka a tukunya ɗaya, ganye kaɗan ya ishi kofuna da yawa. Da injin da William McKercher ya ƙera a farkon shekarun 1930, mai niƙa ganye ya mayar da shi 'yan ƙwayoyi, ya yaɗu a shekarun 1960, shayi ya yi arha, sai ya zama abin shan kowa. Iran ta fara noma shayinta a Lahijan wajen 1900. Turkiyya ta kafa masana'antarta ta farko a Rize a 1947, yau kuma babu al'ummar da mutum ɗaya yake shan shayi a shekara kamar Turkawa.

Amma reshen tarihin da ya fi kusa da mu shi ne na Maroko, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. A ƙarni na 18 koren shayi yana shiga Maroko a matsayin kyautar jakadun Turai ga sarki, abin sha ne na fada da manyan attajiran Fas. Tashar ruwa ta Sawira, wadda Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ya gina a shekarun 1760, ita ce babbar ƙofarsa. A 1856 Ingila ta matsa wa Maroko ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki wadda ta soke keɓantar da sarki yake da ita a kan yawancin kayayyaki, ta tsayar da kuɗin fito a kashi 10 cikin ɗari. Daga nan shayi da sukari suka kwararo. Cikin shekaru kaɗan suka fita daga birni suka shiga ƙauye da tsauni da hamada. Mutanen Maroko suka haɗa koren ganyen Sin, irin wanda ake mulmulawa kamar ƙwayar harsashi, da na'a-na'ar lambunsu da curin sukari mai tsinin kai, suka fito da wani abu wanda Basine ba zai gane shi ba. Da sanyi kuma sukan sa shiba, wani ganye mai ɗaci ɗan'uwan tazargade.

Malaman Maroko, 'yan'uwanmu Malikawa, ba su bar abin ya wuce haka nan ba. Mas'alar ko shayi yana bugarwa ba ta ɗauki lokaci ba, tunda an gama irinta a kan gahawa. Tambayoyin da suka yi wasu ne daban. Na farko sukari: labari ya zo cewa a masana'antun Turai ana tace shi da jini da ƙasusuwan dabbobi, to mene ne hukuncinsa? Wasu suka ƙaurace masa, wasu suka ce ba a haramta abu da jita-jita, kuma asalin abubuwa tsarki ne har sai an tabbatar da akasin haka. Malamin Fas, Sulaiman al-Hawwat, wanda ya rasu a 1816, ya rubuta risala mai suna Tagyirul Munkar fi man Za'ama Hurmatas Sukkar yana raddi ga masu haramtawa. Na biyu almubazzaranci: magidanci ya sayar da hatsinsa ko tumakinsa don sayen abin da ba ya maganin yunwa. Na uku zaman kansa, da zagayawar finjali daga hannu zuwa hannu da ɓata lokaci, wanda wasu suka ga ya yi kama da majalisar mashaya. Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka zurfi, shi ne ina kuɗin yake tafiya. Shaihu Muhammad bin Abdulkabir al-Kattani, wanda ya rasu a 1909, ya hana almajiransa shan shayi, domin yana ganin dukiyar Musulmi ce take zurarewa zuwa hannun waɗanda suke shirin mamaye ƙasar. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1912, Faransa ta ɗora wa Maroko mulkinta.

Ta fuskar hukunci, masu halattawa ne suka yi daidai, kuma a kan haka al'umma ta tafi, har malamai da kansu suka yi ta tsara ƙasidu na yabon shayi da ladubban shan sa. Sai dai ban yarda a mayar da masu hanawar abin dariya ba, kamar yadda wasu marubutan zamani suke yi. Mutanen nan sun tambayi me ke cikin kofin, wa ya yi shi, nawa yake ci wa mai gida, kuma wa yake amfana. Tambayoyi ne na masu hankali, ko da amsar da wasunsu suka kai gare ta ta yi tsauri. Har yau Maroko ba ta dogara da noman shayi nata ba, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen koren shayin Sin.

Daga kudancin Maroko ayarin raƙuma suka ɗauki shayi da sukari suka ratsa Sahara da su a ƙarni na 19, zuwa Shinƙiɗ da Tambutu da sauran garuruwan hamada. Kaya ne mara nauyi mai tsada wanda ba ya lalacewa, irin wanda falke yake so. A hamada shayi ya sami wani matsayi da bai samu a birni ba, domin ruwan rijiya mai gishiri ko mai wari idan aka tafasa shi da ganye da sukari sai ya shawu, matafiyi kuma ya sami ƙarfin jiki. Mutanen Murtaniya suna cewa shayi yana da jimun uku: jama'a, da jamru, wato garwashi, da jarru, wato jan lokaci ba tare da gaggawa ba. Daga can tsarin finjali uku ya fito, na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi, duka daga ganye ɗaya da ake ƙara wa ruwa da sukari. Buzaye suka karɓa suka mai da shi nasu, har yanzu mu kanmu shayin Buzaye muke ce masa.

To, mu fa? Bahaushe yana da abin wartsake jiki tun kafin shayi, shi ne goro, wanda fatakenmu suke ɗaukowa daga Gwanja. Sinadarin kafeyin da ke hana barci a cikin shayi da gahawa shi ne dai a cikin goro. Baƙo goro ake ba shi da ruwa da fura, aure da suna da goro ake kira. Akwai wani labari da Baturen nan Hugh Clapperton ya bayar na zamansa a Kano a 1824, a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ce ya miƙa wa wani matashi ɗan gidan sarauta kofin shayi, yaron ya ƙi sha don tsoron kada a rikiɗa shi ya zama dabba, sai da ya ga wani ya sha bai zama komai ba. Labarin baƙo ne, ana iya samun ƙarin gishiri a cikinsa, amma ya isa ya nuna cewa a zamanin 'ya'yan Shehu ko a gidan sarautar Kano shayi ba sanannen abu ba ne.

Ta ƙofa biyu ya shigo mana. Ta farko ta arewa, a hannun Larabawan Tarabulus da Gadamas mazauna Kano da Damagaram, waɗanda ayarinsu yake kawo yadi da takarda da sukari da shayi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma daga bakinsu muka ji sunan. Ta biyu ta kudu, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe, kantunan Turawa suka kawo baƙin shayin Indiya da Silon da madarar gwangwani da sukari mai ƙwaya. Soja da ɗan makarantar kwana da ma'aikacin reluwe da kukun Bature su suka fara sabawa da shi, sannan burodi ya zo ya zama abokin tafiyarsa. Daga wannan haɗuwa aka sami mai shayi da teburinsa da bencinsa, yana ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi cikin wani don ya huce. Sana'ar ta bi Bahaushe duk inda ya je, har a Ikko da Fatakwal da Akara da Yawunde mai shayin unguwa sau da yawa ɗan arewa ne ko ɗan Nijar. Kalmar ma ta faɗaɗa a bakinmu, har mutum ya sha Milo ko Bournvita da madara, babu ganye ko ɗaya a ciki, ya ce ya sha shayi.

Shayin ƙananan finjalai kuwa ya ƙara bazuwa a biranenmu bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobin Buzaye suka ƙare, da yawansu suka gangaro birane suna aikin gadi, kowa da 'yar butarsa a bakin ƙofa. A Nijar, tun daga shekarun 1990, matasa suka kafa zaman da ake kira fada, wanda butar shayi ce cibiyarsa. Akwai zumunci da taimakon juna a irin wannan zama, akwai kuma abin da malaman Fas suka ji tsoro, wato saurayi ya wuni yana jiran finjali na uku saboda babu aikin da ke jiransa. Laifin ba na buta ba ne.

Sauran abubuwan da muke kira shayi, na na'a-na'a zalla, na citta, na zogale, na zoɓo, a haƙiƙa ba shayi ba ne, tunda babu ganyen wancan itace a cikinsu. Jiƙo ne da dafe-dafen ganye da saiwa, kuma yawancinsu sun girmi shayi a wurinmu, sunansa kawai suka ara don ya fi su farin jini. Sunayensu ma suna faɗin inda suka fito. Kanumfari daga ƙaranful na Larabci, asalin itacensa tsibiran Maluku na Indunusiya, daga baya sarakunan Oman suka cika Zanzibar da gonakinsa a ƙarni na 19, da ƙwadagon bayi. Kirfa da na'a-na'a da hulba su ma sunayen Larabci ne. Kimba da masoro kuwa 'yan kurmin Afirka ta Yamma ne. Geza da ke tsirowa a kan fako, wadda muke ratsawa ba mu kula ba, ita ce kinkeliba da mutanen Sanagal da Mali suke dafawa su yi buɗa-baki da ita da azumi. Zoɓo kuma, wanda Sudan da Masar suke kira karkade suna shan sa da zafi ko da sanyi, daga yakuwarmu ne, wadda muke miya da ganyenta, mu yi daddawar batso da 'ya'yanta.

Wani abu da masoya irin waɗannan haɗe-haɗe ya kamata su kiyaye shi ne yawan da'awar magani. Sulaiman ɗan kasuwa ya ji Sinawa suna cewa shayi maganin kowace cuta ne, kuma shekara dubu da ɗari bayansa ana nan ana faɗin haka a saƙonnin waya. Abin da likitoci suka tabbatar bai kai nan ba. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini ya shawarci likitansa kafin ya mai da shi abin kullum. Citta tana rage tashin zuciya. Shayi mai ƙarfi idan aka sha shi a kan abinci yana rage yadda jiki yake tsotsar sinadarin ƙarfe, abin lura ga mai ciki da mai ƙarancin jini. Babban haɗarin kofin namu kuwa sukarin da muke lodawa ne. Sannan akwai gadagi, wanda 'yan ga-ruwa da leburori da direbobi suka daɗe suna sha a Kano don ƙarfin aiki. Asalinsa ganye ne, amma mai sha ba ya sanin abin da aka ƙara a tukunyar, kuma duk abin da ya kai ga gusar da hankali hukuncinsa sananne ne ko da an kira shi shayi.

Nijeriya tana noma shayi, ko da yake da yawa daga cikin masu shan sa ba su sani ba. A tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Kakara kusa da Gembu, inda sanyi da ruwan sama suka dace da itacen, an kafa gona da masana'anta tun shekarun 1970, daga nan shayin Highland yake fitowa. Abin da ake samu bai kusa isar ƙasar ba. Kenya, wadda aka fara dasa itacen a cikinta a 1903, yau ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, ana gwanjonsa a Mombasa, Pakistan da Masar kuma su ne manyan masu saye. Koren ganyen da ke cikin butar Buzu a Agadas ko ta ɗan majalisa a Kano har yanzu daga Sin yake zuwa, kamar yadda yake zuwa tun zamanin ayari, sai dai yanzu a cikin kwantena. Abin da yake fita daga wajenmu kuwa zoɓo ne. Manoman Jigawa da Kano da Katsina da na ƙetaren iyaka a Nijar suna shanya shi, dillalai su tara a kasuwanni irin Maigatari, a cika buhuna a kai tashar ruwa ta Ikko, kuma babbar mai sayensa ita ce Mekziko, inda ake jiƙa shi da sukari da ƙanƙara ana sayarwa a bakin titi da sunan ruwan Jamaika.